Amsoshin Wasiƙunku: Makaɗin Jita A Sitidiyo, Ɗan Ƙwadago Ne Ko Mai Gona?

  Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani dattijo manomi, wanda kuma yakan taɓa cinikin hatsi ranar kasuwa. Bai ambaci sunan yaron da yake magana a kansa ba, ga alama ɗan fari ne. Ya ce yaron ya koyi kaɗa jita, yanzu ya matsa lamba a sayar da bijimin huɗa a saya masa kayan aiki, wai zai tafi birni ya riƙa yi wa mawaƙa kiɗa a sitidiyo, har wata rana ya zama furodusa. Tambayar dattijon ita ce, shin wannan sana'a ce, ko kuwa roƙo ne aka sa wa sabuwar riga?

To Baba, mun gode da wasiƙarka. Amsar a taƙaice ita ce sana'a ce, amma kada a sayar da bijimin tukuna. Ga dalili.

Da farko mu san aikin. A wajenmu mawaƙi yana da makaɗansa da 'yan amshinsa, duk inda ya sa ƙafa suna biye. Makaɗin sitidiyo ba haka yake ba, ba shi da ubangida guda. Sitidiyo ɗaki ne da ake ɗaukar sauti. Mai waƙa zai zo da waƙarsa, a kira wanda ya iya jita ya sa mata kiɗa, a biya shi, ya saɓa jitarsa ya yi gaba. Da safe yana kan waƙar soyayya, da azahar tallar sabulu, da dare kiɗan fim. Ba ya yi wa kowa kirari, ba ya jiran a yi masa liƙi, saboda haka ba maroƙi ba ne. Ɗan ƙwadago ne, kamar wanda kake ɗauka ya yi maka noman firi, ku yi jinga, ya gama ka sallame shi.

Inda wannan sana'a ta fi kafuwa shi ne Amurka. Can ƙungiyar makaɗa ta tsayar da ƙa'ida cewa zama ɗaya na ɗaukar faifai awa 3 ne, da kuɗinsa sananne, gwanayen da ake rububinsu kuma sukan karɓi ninki biyu. Tun da kowane minti kuɗi ne, ba a kiran mai koyo. A birnin Los Angeles an yi wani mutum Tommy Tedesco, wanda ya rasu a 1997. Jitarsa ta shiga dubban waƙoƙi da finafinai da shirye-shiryen talabijin, kuma ban da jita kusan duk wani abin kiɗa mai tsirkiya ya iya riƙe shi. A ajiye masa takardar kiɗan da bai taɓa ji ba, ya duba ya kaɗa nan take. Duk da haka akasarin masu jin kiɗansa ba su san sunansa ba.

Haka aka yi a birnin Detroit. Kamfanin Motown yana da wasu makaɗa da ake kira Funk Brothers, su suka yi kiɗan yawancin waƙoƙin da suka ɗaga kamfanin tun daga 1959. Sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On, aka fara rubuta sunayensu a bangon faifai. Shekara ɗaya bayan haka, a 1972, kamfanin ya tattara ya koma Los Angeles, da yawansu aka bar su a Detroit. Lambar girmamawa ta Grammy ba ta zo musu ba sai 2004, lokacin wasunsu sun riga sun kwanta dama. Ka ga ke nan, wanda ya yi noman daban, wanda rumbunsa ya cika daban.

A nan ne gizo ke saƙar, jama'a, kuma ku manoma kun fi kowa fahimtar ta. Akwai bambanci tsakanin ƙwadago da noma-mu-raba. Ɗan ƙwadago ya karɓi kuɗin yininsa, ko gona ta yi dami ɗari ba shi da ko zangarniya. Mai noma-mu-raba kuwa yana da kaso a cikin amfanin. A harkar faifai ma haka ne. Wanda ya kaɗa kawai, ladan ranar ne nasa. Wanda aka rubuta sunansa cikin waɗanda suka ƙirƙiro waƙar, shi yana da kaso duk lokacin da aka sayar da ita ko aka sa ta a rediyo.

Ga misali daga Ingila. A 1973 wata ƙungiya mai suna Pink Floyd ta kira wata mawaƙiyar haya, Clare Torry, ta sa murya a wani kiɗa nasu. Ba su ba ta baiti ko ɗaya ba, ita ta ƙago abin da ta rera. Aka biya ta fam 30, ta tafi gida. Faifan ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a duniya. Sai a 2004 ta kai ƙara, a 2005 aka sasanta, aka ƙara sunanta a matsayin wadda aka tsara waƙar da ita. Shekara 32 ke nan tsakanin aikin da samun haƙƙin. Ita murya ta sa, amma abin da ya same ta yana iya samun kowane mai jita.

Shi ya sa masu wayo cikinsu suke hawa mataki na gaba, wato furodusa. Furodusa kamar madugu yake a ayarin fatake. Shi ke zaɓar makaɗan da za a kira, ya tsara inda kowane kiɗa zai shiga, ya lura da kuɗi da lokaci, ya ce wa mawaƙi nan ka yi daidai, nan kuma sake. Sau da yawa ban da kuɗin aikinsa yana da kaso a cinikin faifan. Nile Rodgers na birnin New York da jitar haya ya fara, yana yi wa duk mawaƙin da ya zo gidan wasan Apollo kiɗa. Daga baya ya kafa ƙungiyar Chic, ya shirya wa Diana Ross faifai a 1980, David Bowie a 1983, Madonna a 1984, kowanne da irin kiɗansa. A 1979 da wasu suka ɗauki kiɗan waƙarsa Good Times suka ɗora tasu a kai, shi da abokin aikinsa Bernard Edwards suka tashi tsaye har aka sa sunayensu a sabuwar waƙar. Har a 2013 jitarsa tana cikin waƙar Get Lucky da ta zaga duniya. Abin da ya riƙe shi shekaru aru-aru shi ne ya iya kiɗa kala-kala, kuma ya san haƙƙinsa.

Iya kiɗa kala-kala kuwa ba da yatsu ake fara shi ba, da kunne ake farawa. Dubi Ry Cooder, shi ma Ba'amurke ne da ya fara da jitar haya a Los Angeles. Ya yi kiɗan finafinai, ya zauna da makaɗin Indiya Vishwa Mohan Bhatt suka ɗauki faifan da ya fito a 1993 ba tare da wani gwaji ba. A 1996 ya je Havana ta ƙasar Kuba da shirin haɗa makaɗan can da wasu daga Mali. Matsalar takardun tafiya ta hana 'yan Mali zuwa. Maimakon a watse, sai aka tattaro tsofaffin mawaƙan Kuba da aka manta da su, cikinsu har da Ibrahim Ferrer, wanda a lokacin yana goge takalma don ya sami na cefane. Cikin kwana 6 aka ɗauki faifan Buena Vista Social Club, ya fito a 1997, aka sayar da miliyoyi. Cooder ne furodusa, amma in ka saurara za ka ji jitarsa tana daga baya, ta bar wa masu gida gidansu. Wanda bai iya ƙanƙan da kai ba, ba zai daɗe a wannan sana'a ba.

Wannan Ry Cooder ɗin shi ya yi faifan Talking Timbuktu da Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya fito a 1994 ya ci lambar Grammy. Baba, a nan nake so ka buɗe kunne, ka kuma karanta wa yaron. Ali Farka mutumin Niafunke ne a bakin kogin Kwara, ya zaga duniya da jitarsa, amma bai taɓa sakin gona ba, kuma manomi yake ɗaukar kansa. Abin da ya samu a kiɗa ya zuba shi a noman ban ruwa da gyaran garinsu. Akwai lokacin ma da masu ɗaukar faifai ne suka kwaso na'urorinsu suka same shi can gida. An zaɓe shi magajin garin Niafunke a 2004, ya rasu a 2006. In wanda duniya ta sani bai rabu da garma ba, wanda bai fara ba me zai sa ya sayar da bijimi?

Yanzu mu dawo gida mu dubi kasuwar, don ɗan kasuwa ba ya sarin kaya sai ya san inda zai kai su. A sitidiyoyin Kano da Kaduna da Jos, yawancin kiɗan waƙoƙin Hausa na zamani da piyano da kwamfuta ake haɗa shi, mutum ɗaya ya fitar da ganga da sarewa da jita duk daga na'ura. Wanda jita kaɗai ya iya, kiransa ba zai yi yawa ba. Jita ta fi kasuwa a Jamhuriyar Nijar, musamman Agadas, inda ake kaɗa ta a bukukuwan aure, kuma daga can Bombino ya fito har ya je birnin Nashville na Amurka aka shirya masa faifan Nomad da ya fito a 2013. Tana da kasuwa kuma a kudancin Nijeriya wajen masu kiɗan juju da hailaif. Saboda haka in yaron da gaske yake, dole ya haɗa da piyano da aikin haɗa sauti a kwamfuta, ya kuma saba kunnensa da kalangu da gurmi da garaya da kukuma, don mai waƙa na iya zuwa ya ce irin wannan nake so.

Shawararmu ita ce, bayan an gama girbi a bar shi ya tafi cin rani, ya kama wani mai sitidiyo da aka san halinsa ya zauna ƙarƙashinsa, kamar yadda ake koyon ɗinki ko kanikanci. Kayan aiki na maigida ne, ba ya bukatar nasa yanzu. Ruwa na sauka ya dawo gona. In ya yi rani biyu ko uku, a duba. In mawaƙa sun fara neman sa da sunansa, har ya tara wani abu da guminsa, sai a cika masa ya sayi kayan. In kuwa shiru, to bijimi na nan, gona na nan, ba a yi biyu babu ba.

Kai kuma samari, in wannan shafi ya iso hannunka, riƙe abu uku. Ka zo a kan lokaci, don a sitidiyo makara asarar kuɗin wani ce, kuma wanda ya makara sau biyu ba a kiransa na uku. Ka yi ciniki kafin ka taɓa tsirkiya, nawa ne, yaushe za a biya, za a sa sunanka ko ba za a sa ba. In kai ka ƙirƙiro kiɗan da waƙar ta hau kansa, a rubuta a takarda da shaidu. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da ita, amma doka ba ta iya tsaya wa wanda ba shi da shaida. Sannan ka je ka zauna da mahaifinka ku yi magana cikin ladabi, don wasiƙar da ya rubuto ba ta mai ƙinka ba ce.

Nan za mu dakata. Masu tambaya a kan farashin taki da maganin ƙwarin wake, wasiƙunku sun iso, muna tafe da su. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.