Albashin Wakili Shi Ne Garkuwar Gidan Jarida

 

Kafin 1990, bakin gwamnati kaɗai ake ji a Nijar. A wannan shekarar Ibrahim Cheick Diop ya fito da jaridar Haske, daga baya Grémah Boucar ya buɗe Rediyo Anfani, wadda ta kafa reshe a Maradi. A 1997 aka kai wa Anfani farmaki a Yamai, aka farfasa kayan aikinta, amma ta dawo kan iska domin ma'aikatanta ba su watse ba. A kan wannan zan tsaya: gidan jarida mutanensa ne, ba na'urorinsa ba.

Yayin da gida yake ƙarami, zumunci ke tafiyar da shi. Mai gida shi ne edita, shi ne mai neman talla, shi ne mai riƙe kuɗi. Da zarar ya girma, ya sami wakili a Gazawa, wani a Agye, wani a Gidan Rumji, zumunci kaɗai ba ya isa.

Ku dubi wakilinmu na karkara. Da kuɗinsa yake zuba mai a babur, ya ratsa rairayi don ya ji me ya sami gonakin gero da aya, ya sayi katin waya ya turo rahoto. Wata ya ƙare, a ce masa ya yi haƙuri. Kashegari wani babba ya kira taro, a tashi a miƙa masa ambulan, a ce kuɗin mota ne. Ranar da talakawa suka koka da wannan babban, me wakilin zai faɗa? Bakin da ya ci, ai shi ke godiya. Masu saurare kuwa ba su san an riga an sayi labarin ba.

Saboda haka ina roƙon masu gidajen jarida abubuwa huɗu.

Na farko, kwantaragi a rubuce. Tun Nuwamban 2021 aka sa hannu kan yarjejeniyar aiki ta 'yan jaridar Nijar, kuma daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi ya kai jika 42. A biya a kan lokaci, a yi wa ma'aikaci rajista a asusun inshorar ma'aikata na CNSS. In kuɗin mutum biyar kake da shi, kada ka ɗauki goma.

Na biyu, a raba ɗakin labarai da sashen talla. Wanda zai yi wa ɗan kasuwa tambaya, kada a aike shi karɓo kuɗin sanarwa a hannunsa.

Na uku, horo. Ba kowa zai je makarantar aikin jarida a Yamai ba, amma edita na iya zama da sabon ɗauka kowane mako su saurari rahotonsa tare. Haɗin gwiwa da irin su Studio Kalangou, da ke aiki da gidajen rediyo tun 2016, wata makaranta ce.

Na huɗu, mata. Akwai maganar haihuwa da tamowa da macen karkara ba za ta faɗa wa namiji ba. A ɗauki mata, a ba su hutun haihuwa, a ɗora su kan shugabanci.

Ku kuma jama'a, ku biya kuɗin sanarwar aure da suna da cigiya cikin daɗin rai, domin daga nan albashin yake fitowa. Wanda ya ciyar da wakili, shi wakilin zai yi wa aiki. Gara ya zama ku ne.