Ƙasar gindin hatsi a ɗakin awo



Ka tumɓuke hatsi ɗaya a gonarka, ka girgiza shi. Za ka ga wata ƙasa ta manne wa saiwa. Daga wannan ƴar ƙasar ce hatsi yake cin abincinsa. Idan babu abinci a cikinta, ko damina ta yi kyau, zangarniya ba ta cika.

Ido ba ya ganin wannan abinci. Shi ya sa ake da ɗakin awo. Ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da cibiya a Tarna, nan Maradi, tana da ɗakin awon ƙasa a Yamai.

Ga yadda ake awon. Ana kakkaɓe ƙasar da ta manne wa saiwa, a ajiye ta daban. A ɗebo wata daga tsakanin shuka, zurfin santimita 20. Kowace da jakarta da sunan gonarta. A shanya su a inuwa, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. A dama kaɗan da ruwa, na'ura ta auna tsaminta. A jiƙa wata da ruwan magani, a tace, a ɗiga wani maganin. Sai ruwan ya koma shuɗi. Shuɗi mai duhu, akwai sinadarin fosfor da yawa. Mai haske, kaɗan ne.

Awo ya nuna jigawarmu tana da ƙarancin fosfor. Kuma fosfor ba ya tafiya nesa cikin ƙasa, sai saiwa ta iske shi. To, takin da ka watsa nesa da shuka, hatsin bana ba zai ci shi sosai ba, ga kuɗinka ya tafi.

Don haka masu bincike suka ba da shawara: lokacin shuka, in ƙasa ta jiƙa, ka zuba garam 6 na takin 15-15-15 a kowane gurbi, wato cikin marfin kwalbar lemo ɗaya. Ka haɗa da takin dabbobi. Ka bar kara a gona. Kada ka sare gawo.

Aikin mako: ka rubuta sunan gonarka a kayenka, da yawan damman da ta ba ka bara. Ka nuna wa malamin gona.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.