Awon Tafiya: Mudun Hukuma da Mudun Mutum



Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne yadda mutum zai san ko yana ci gaba zuwa ga burin da ya sa a gabansa, da kuma ko wannan ci gaban yana kawo masa kwanciyar rai. Dukanmu nan mun taso ne cikin awo. Almajiri yana ƙirga izu daga ɗaya har sittin, ranar da ya wanke allon ƙarshe kowa ya san ya sauke. Manomi a bakin Kogin Rima yana ƙirga damin gero kafin ya rufe rumbu. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, yana jiran makinsa a ƙarshen kowane zango. In ya gama ya shiga aikin gwamnati a mataki na takwas, sai ya ɗaga kai yana duban na goma sha bakwai. Waɗannan duk mudu ne na gaskiya, amma wasu ne suka sassaƙa mana su, kuma akwai abin da ba ya shiga cikinsu.

Mu dubi abin da ya faru da iyayenmu ma'aikata. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa, wanda daga gare shi ne aka sami waɗannan matakan albashi. A farkon 1975 aka biya ƙarin tare da bashin watannin baya a dunƙule. Aka cika kasuwa ana sayen rediyo da babur da firiji. Kafin shekarar ta ƙare, tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari. A takardar albashi mutum ya hau, a cikin tukunya kuwa da yawa sun tarar suna nan inda suke. A wannan shekara ta 1974 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Richard Easterlin, ya nuna cewa kuɗin shiga na mutanen ƙasarsa ya daɗe yana ƙaruwa, amma gamsuwar da suke faɗa suna da ita ba ta bi shi ba. Masana suna ta gardama a kan wannan har yau. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne, ido yana saurin sabawa da abin da hannu ya samu.

To, ba sai mun je Amurka neman misali ba, domin mafi kyawunsa yana nan gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, mutum ne mai riƙe lissafin kansa a rubuce. A 1812 ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya karanta a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu. A 1813 ya tara waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati, yana faɗin lokacin da ya yi kowace da abin da ya jawo ta. Wanda ya karanta waɗannan biyu zai ga mutum yana waiwaye yana auna sawunsa.

Abin da ya fi jan hankalinmu a ciki shi ne labarin 1807. Ku tuna, shi ne ya ja rundunar da ta yi nasara a Tabkin Kwatto a 1804, kuma kafin shekara uku garuruwan Hausa da yawa sun shiga hannun jama'ar Shehu. Da a ce da mudun duniya za a auna, babu wanda ya kai Abdullahi cika buri a lokacin. Amma da ya zauna ya yi nasa lissafin, sai ya ga asara. Abokan karatunsa da yawa sun kwanta dama a yaƙe-yaƙe irin na Tsuntsuwa da Alwasa, kuma a ganinsa da yawa daga waɗanda suka saura hankalinsu ya koma ga sarauta da dawakai da tufafi, alhali an fito ne don a tsai da adalci. Ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa ya bar runduna, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya, ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya koma gida.

Za a iya gardama ko daidai ne shugaba ya bar rundunarsa a irin wannan lokaci, kuma masana tarihi sun yi. Mu abin da ya shafe mu shi ne, ya iya gane cewa tafiya ta karkace domin bai manta da abin da ya fito nema tun farko ba. Mafi yawanmu kuwa in an tambaye mu me ya kawo mu jami'a, amsar da muka bayar a shekarar farko ta ɓace mana kafin shekara ta uku, ba mu ma san ta ɓace ba.

Wannan dabara malamanmu suna kiranta muhasaba. Imam Gazali, wanda malaman Sakkwato suka karanta ƙwarai, ya yi mata babi guda a cikin Ihya, ya kwatanta ta da halin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: da safe a ƙulla sharaɗi, da rana a sa ido, da dare a zauna a ware uwar kuɗi da riba da faɗuwa. Duk mai shago a Tsohuwar Kasuwa ya san wannan, ko da bai taɓa buɗe Ihya ba.

Shawararmu ga ɗalibi da sabon ma'aikaci ita ce ya sayi ƙaramin littafi, na takarda, domin waya tana zuwa da baƙi masu yawa. A shafin farko ya rubuta abin da yake so ya cim ma da dalilinsa, ya sa kwanan wata. Kada burin ya wuce biyu ko uku, kuma ya zama abin da ake iya ƙirgawa: shafi nawa aka karanta, naira nawa aka ajiye, sau nawa aka je gai da mahaifiya a Wurno ko Tambuwal. "Ina so in zama babban mutum" ba ya aunuwa. Ran Juma'a da yamma ya buɗe ya rubuta abin da aka yi da wanda aka kasa, ba tare da yi wa kai ƙarya ba, tun da babu shugaban sashe da zai sa hannu a kai.

Sai kuma shafi na biyu, wanda aka fi mantawa da shi. Sau ɗaya a wata mutum ya rubuta yadda ransa yake: yana barci? Yana da wanda zai gaya wa damuwarsa? Bashi ya hana shi bin wata hanya a unguwa? In shafin farko yana cika na biyu yana ramewa wata shida a jere, lokaci ya yi da za a koma a karanta dalilin da aka rubuta ranar farko. Wani lokaci hanyar ce ke buƙatar gyara, wani lokaci kuma burin ne tun asali na wani ne, na uba ko na abokin da ya sayi mota, aka ara aka rataya.

Gargaɗi ɗaya ga masu tsananta wa kansu: mako guda marar kyau ba ya isa hujja. Manomin da ke tone iri kullum don ya ga ko ya tsiro ba zai ga kaka ba. A bar littafin ya tara aƙalla zango guda kafin a yanke hukunci, kuma in hali ya yi a nuna wa mutum ɗaya mai amana, wanda ba ya tsoron faɗa maka gaskiya.