Gayya a Cikin Kwamfuta: Yaushe Za Mu Fara Koyar da Rabon Aiki?



Shekara da shekaru mai rubuta manhaja yana cin moriyar aikin da bai yi ba. Ya rubuta umarninsa ɗaya bayan ɗaya, ya jira shekara biyu, sabuwar kwamfuta ta fito, manhajarsa ta ƙara sauri ba tare da ya taɓa ta ba. Wannan gata ya ƙare wajajen shekarar 2004, lokacin da kamfanin Intel ya tsaya a gigahaz 3.8, ya fasa fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4, domin zafi da cin wuta sun fi ƙarfin injiniyoyi. Daga 2005 Intel da AMD suka koma saka ƙwaƙwalwa biyu a guntu ɗaya, sannan huɗu, sannan takwas. Yau wayar da ke aljihun ɗalibi galibi ƙwaƙwalwa takwas gare ta. Amma har yanzu a jami'o'i da dama muna shafe shekara uku muna koya masa sarrafa guda ɗaya, sai a zangon ƙarshe mu kawo rabon aiki a matsayin kwas na zaɓi. Hujjata a yau ita ce wannan jeri a juye yake. Tunanin aiki a lokaci guda ya kamata ya shiga tun shekarar farko, ya bi ta cikin kowane kwas.

Dalilin farko shi ne sabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya yi shekara uku yana da tabbacin cewa layi na biyu ba ya gudana sai na farko ya gama, kuma ba mai taɓa lambar da ya ajiye sai shi, wannan tabbaci ya riga ya zauna a jininsa, kuma shi ne ainihin abin da rabon aiki ke rushewa. Ku ɗauki yaran shago biyu da littafin lissafi ɗaya. Kowannensu ya duba ya ga dubu goma, wannan ya ƙara dubu biyu ya rubuta goma sha biyu, wancan ya ƙara dubu uku ya rubuta goma sha uku a kai. Ba wanda ya yi kuskuren lissafi, amma dubu biyu sun ɓace. Irin wannan rige-rigen yana cikin abin da ya sa na'urar gashin ciwon daji ta Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987, har wasu suka rasu. Kuskuren yakan bayyana ne idan ma'aikaciya ta gyara bayanai da sauri cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa gwajin da aka yi a natse bai kama shi ba. Ɗalibin da muka saba masa da cewa manhaja ta yi daidai tunda ta gudana sau ɗaya, mun ba shi ma'aunin da ba ya aiki a nan.

Za a ce abin ya yi wa ɗan aji ɗaya nauyi, wanda ko madauki bai gama ƙwarewa a kai ba. Akwai gaskiya a ciki idan ana nufin a fara shi da manyan kayan rabon aiki irin su MPI ko CUDA, kuma ni ma ba zan yarda da haka ba. Amma tunanin kansa ba baƙo ba ne ga wanda ya san gayya. Ya san mutum ashirin suna iya raba kunyoyi su gama noman rana guda, ya kuma san idan aka zo zuba hatsi, rumbu bakinsa ɗaya ne, ko mutum ɗari suka zo layi za su yi. Wannan ita ce dokar da Gene Amdahl ya bayyana a 1967: idan kashi 5 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, saurin da za a samu ba zai wuce ninki 20 ba, ko da ƙwaƙwalwa dubu aka jibga. Lissafin bai fi na sakandare ba. Haka cijewar da Edsger Dijkstra ya yi nazarinta tun 1965: ɗaya ya riƙe guga yana jiran igiya, ɗaya ya riƙe igiya yana jiran guga, ba mai jan ruwa. Ƙungiyoyin ACM da IEEE ma, a manhajar karatun da suka fitar a 2013, sun ware wa wannan fanni babi nasa, suka sa wani ɓangarensa cikin abin da kowane ɗalibi dole ya sani.

Za a kuma ce ba kayan aiki. Wannan uzuri ya tsufa. A 1994 Thomas Sterling da Donald Becker sun haɗa kwamfutoci 16 na kasuwa a hukumar NASA, suka samar da abin da aka sani da Beowulf. Tsofaffin kwamfutocin ɗakin gwaji da waya ɗaya ta sadarwa sun isa darasi. Kai, inda wuta ke ɗaukewa kuma intanet ke yankewa, ɗalibi yana ganin ƙwayar matsalar da idonsa: na aika saƙo ban ji amsa ba, shin ɗaya na'urar ta mutu ne, ko saƙon ne ya makale a hanya? Daga ɓangaren mai aikawa ba a iya bambance su, kuma a kan wannan tambaya aka gina yawancin fannin. Leslie Lamport ya nuna a 1978 cewa tsakanin na'urori masu agogo daban-daban, ko cewa wannan ya riga wancan faruwa sai an kafa masa ƙa'ida.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa manyan kamfanoni sun ɗauke mana wahalar. Tun da Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat na Google suka bayyana MapReduce a 2004, mai rubuta manhaja yana iya rubuta 'yan layuka, tsarin ya raba su ga dubban na'urori. Na yarda yawancin ɗalibanmu ba za su taɓa rubuta irin wannan tsari ba. Sai dai ranar da ƙwaƙwalwa takwas suka ba ɗalibi saurin guda biyu, ko aka cire wa mutum kuɗi sau biyu saboda an maimaita saƙo, tsarin ba zai gaya masa dalili ba.

Abin da nake nema ba sabon kwas ba ne, domin jadawalin ya riga ya cika. Malamin da ke koyar da jera lambobi ya ƙara tambaya ɗaya, wane ɓangare ne zai rabu. Mai koyar da rumbun bayanai ya sa ɗalibai biyu su gyara asusu ɗaya a tare. A jarrabawar aiki kuma a gudanar da manhajar ɗalibi sau dubu, a ba shi sakamakon da ya sha bamban, a ce ya nuna layin da aka yi rige-rigen a kansa.