Tukunyar Jiƙo Da Ƙofar Dam Ɗin Tiga

 Minti ashirin aka ba ni.

Ba sai na gaya wa mutumin Haɗeja mene ne jiƙo ba. Duk wanda ya tashi tsakanin Auyo da Guri an taɓa ɗura masa ruwan sabara don ciwon ciki, ya kuma ga tsohuwa ta jefa sassaƙen marke a tukunya saboda tari. Ganyen magarya bakwai da ake dakawa a yi masa tofi a sha, wannan fagen malaman addini ne, na bar musu. Abin da ya kawo ni shi ne tsohuwar rigimata da abokan aikina na jami'o'i da jami'an gwamnati. Duk ranar 31 ga Agusta sai su taru bikin maganin gargajiya na Afirka, a yi ta maganar rajista da kwalba da ɗakin gwaje-gwaje. Ni kuwa na ce an bar jaki ana dukan taiki. Itacen da za a kwalbata ɗin yana mutuwa a fadama, kuma sha'anin ruwa ne ke kashe shi.

Ku duba giyayya, wadda iyayenmu ke dafa ganyenta da ɓawonta don zazzaɓi. Ba ta tsayawa a jigawa. Wurin da take so shi ne inda ruwa zai kwanta 'yan watanni sannan ya janye. Haka bagaruwar fadama, wadda ake jiƙa 'ya'yanta don gudawa da ciwon baki, majema kuma su yi jima da ita. Ambaliyar damina ce ke shayar da su, janyewar ruwa da kaka kuma ita ke ba ƙananansu damar kafa saiwa. Idan ɗaya ya ɓace, kurmin ya tsufa babu magaji.

To, me ya sami wannan zuwa da komawar ruwan? An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Masu binciken dausayin Haɗeja zuwa Nguru sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 da 1970 ambaliya kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000. Zuwa farkon shekarun 1990 abin ya koma tsakanin 70,000 da 100,000. Kusan kashi biyu cikin uku ke nan ya tafi. Sannan ruwan da ake saki da rani ya hana wasu hanyoyin bushewa ko sau ɗaya a shekara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ciyawar kacala ta shigo ta toshe magudanai. Yanzu wani yanki yana jiƙe shekara zagaye har saiwa ta ruɓe, wani kuma ya shekara bai ga ruwan kogi ba. Giyayya ba ta jure ko ɗaya.

Zan ƙara tsayawa a nan, domin nan ne gizo ke saƙar. A farkon shekarun 1990 wani mai bincike, Barbier, da abokan aikinsa sun auna abin da ruwan fadamar nan ke samarwa, suka kwatanta da abin da yake samarwa a aikin noman rani na kogin Kano. Fadama ta yi wa aikin fintinkau. Amma me suka lissafa? Noma, kifi da itacen girki. Magani bai shiga ba, saboda ba a yanka masa rasit. Uwar da ta tsinko sabara a bayan gari ta dafa wa ɗanta, ta tsira da kuɗin mota zuwa asibiti, ba ta cikin littafin kowa. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ranar rabon ruwa ba ya samun kujera.

Kada wani ya ce ciyawa ce marar daraja. Gezar da muke karyawa mu yi kwando, ita ce kinkeliba da mutanen Senegal ke sha kamar shayi, har ana sayar da ita a shagunan Faransa. Zoɓon Jigawa kuma tirela-tirela yake fita, har Meziko ana shan sa. Bature Dalziel ya tattara sunayen tsirranmu da Hausa tun 1916. Yau ɗalibin da ya gama digiri a fannin tsirrai ba lallai ya bambance geza da sabara a daji ba.

Likitoci za su ce jiƙo ba shi da ma'auni, yana iya taɓa ƙoda. Gaskiya ne, a gwada, hukumar NAFDAC ta yi aikinta. Wasu za su tuna mini ambaliyar 2022, su ce wane ruwa kuma kake nema? Ruwan da ya rasa hanyarsa saboda kacala, gida yake shiga. Maganata ɗaya ce da tasu.

Shawarwarina ba sababbi ba ne, na sha faɗar su. Na ɗaya, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa bisa tsarin damina da rani, ta bar magudanai su bushe lokacin da ya kamata, a kuma ci gaba da yashe su. Na biyu, dajin Baturiya, wanda ya shiga jerin dausayoyi na yarjejeniyar Ramsar a 2008, a ba shi masu gadi na gaske, hakimai da bulamai su hana yi wa itace sassaƙa zagaye, domin wannan yanka ne. Na uku, kwalejin Binyaminu Usman da jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su tura ɗalibai wurin wanzamai, ungozomomi da masunta, su rubuta suna da wuri da yadda ake dafawa, da sunan wanda ya ba da ilimin. Tsofaffin nan ba za su jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Lokacina ya cika. Allah ya sa mu dace.