Wa Ke Kāre Matasanmu A Kamfanonin Hayar Ƙwararru?

  Ba zan ɓata muku lokaci wajen bayyana muhimmancin kwamfuta ba, an sha faɗa a kan wannan mumbari.

Na daɗe ina jayayya da wasu abokan aikina da jami'an da ke shirya horo a kan abu guda. Su abin da suke ƙirgawa shi ne yawan matasan da aka koya wa rubuta manhaja. Tun da Minista Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023, da burin horar da mutum miliyan 3, duk taron da aka je lissafin ke nan: an yaye kaza a Kano, kaza a Kaduna. Ban ƙi horo ba, sana'ata ce. Tambayata ita ce, bayan an yaye yaro, wane irin gida yake shiga aiki, wa ke juya shi, kuma in an zalunce shi ina zai kai ƙara?

Da yawa daga cikinsu kamfanonin hayar ƙwararru ne ke ɗaukarsu. Hajar irin wannan kamfani ita ce sa'o'in ma'aikacinsa. Banki a Legas ko wani kamfani a Amurka na son a gina masa manhaja, sai a tura masa injiniya, a caje shi a kan kowace sa'a ko kowane wata, a ba injiniyan wani kaso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk abin da ake kira al'adar wurin aiki a waɗannan kamfanoni daga nan ya tsiro. Manaja ba a auna shi da lafiyar mutanensa, ana auna shi da yawan sa'o'in da aka yi wa kwastoma lissafi. Wanda kwangilarsa ta ƙare kuma bai samu wata ba, ana cewa yana zaman benci, kuma kowace rana a bencin asara ce a littafin kamfani. Shi ya sa ma'aikaci ba ya iya cewa a'a.

Tsofaffin ɗalibaina suna kawo mini labari, kuma kusan iri ɗaya ne. Ranar ɗauka a ce musu "nan gida ne, dukkanmu 'yan uwa ne". Sai aiki ya kankama. Taron da aka sa ƙarfe 10 na safe a Kalifoniya yana faɗowa ƙarfe 6 ko 7 na yamma a Kano, daidai magariba, kuma a watan azumi daidai buɗa-baki. Oga na aiko saƙo ta WhatsApp tsakar dare yana jiran amsa. Man janareta da kuɗin data daga aljihun ma'aikaci. Matar aure kuwa, wadda za ta yi taro da baƙi ta waya da daddare a gidan da take zaune da surukai, ita kaɗai ta san abin da take haɗiyewa. Ranar da kwastoma ya janye, ba wanda ke tuna 'yan uwantakar nan.

Ku dubi Andela. An kafa shi a Legas a 2014, yana zaɓar matasa masu hazaƙa, ya horar da su, ya tura su aiki ga kamfanonin waje. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24, a Janairun 2019 kuma ya tara dala miliyan 100. A Satumbar shekarar ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda. Kamfanin bai ɓoye dalili ba: kwastomomi ƙwararru masu gogewa suke nema, shi kuma ya tara ƙanana fiye da yadda zai iya sama wa wuri. Ba na zargin Andela da mugunta, ya yi wa fasaha a ƙasar nan hidima. Amma in kamfanin da ya fi kowa zaɓe da kuɗi ya rasa inda zai kai ɗaruruwa, a gaya mini inda za a kai miliyan 3, da kuma sharuɗɗan da za su karɓa saboda tsoron zaman banza.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda muka gada tun mulkin soja na shekarun 1970, tana da tanade-tanade masu amfani. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3. Sashe na 11 ya ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama. Sashe na 20 ya ce in za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a bi ƙa'idar wanda ya zo a ƙarshe shi ke fara tafiya, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Sashe na 54 ya ba mai juna biyu hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. To amma ku buɗe sashe na 91, inda aka fayyace wane ne ma'aikaci a idon wannan doka. An cire masu aikin gudanarwa, da masu aikin fasaha, da masu aikin ƙwarewa. Ke nan leburan da ya ɗauko kwamfutar zuwa ofis yana cikin inuwar doka, yarinyar da za ta kwana a kanta tana rubuta manhaja tana waje. Abin da ya rage mata shi ne takardar kwangilar da ta sa wa hannu, wadda lauyan kamfani ya rubuta, ita kuma ta karanta a gurguje tana murnar samun aiki.

Waɗanda suka rubuta dokar sun ɗauka duk mai ilimin fasaha babban mutum ne da zai iya zama ya yi ciniki da mai gidansa. A wancan zamani injiniya ɗan gata ne. Yau ɗan shekara 23 ne da ya gama bautar ƙasa, ga dubbai a bayansa suna jiran kujerar.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani zubi a asusun NSITF. Hanyar kauce wa duka biyun mai sauƙi ce: a rubuta a takarda cewa wane ba ma'aikaci ba ne, ɗan kwangila ne mai zaman kansa. Alhali kamfanin ne ke sa masa lokacin tashi da na kwanciya, ya hana shi yi wa wani aiki. Za a ce ai akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa, har da reshe a nan Kano. Haka ne, kuma tana da hurumin duba kyawawan ƙa'idojin ƙasa da ƙasa. Sai dai yaron da ke tsoron a ɓata masa suna a sana'ar da kowa ya san kowa, wanda takardarsa ma wataƙila ta ce dokar wata ƙasa ce za ta yi hukunci, ba zai taka ƙofar kotu ba.

Masu ja da ni hujjarsu biyu ce. Ta farko, ai dala suke karɓa. Wasu ƙalilan ne, kuma dala ba ta sayen barci. Ta biyu, ai haka Indiya ta tashi, har suna kawo maganar Narayana Murthy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Infosys, da ya ce a 2023 matasa su riƙa aikin sa'a 70 a mako. Amsarsu tana cikin binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021: mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Kuma a Indiyar ce kamfanin TCS ya sanar a 2025 zai rage ma'aikata kimanin 12,000.

Abin da nake nema ba sabo ba ne ga waɗanda suka san ni. Majalisar Tarayya ta gyara sashe na 91, ta daina raba ma'aikata da irin aikinsu. Hukumar NITDA da gwamnatocin jihohi su daina ba da kwangilar manhaja ga duk kamfanin da bai nuna shaidar zubin fansho da takardun ɗaukar injiniyoyin da za su yi aikin ba. Mu kuma malaman jami'a, kada mu yaye ɗalibin kwamfuta sai ya zauna da malamin shari'a sun karanta takardar ɗaukar aiki ta gaske, sashe-sashe, ya san me ke cikinta game da sa'o'i, da benci, da sallama. Wannan na ƙarshen ba ya buƙatar izinin Abuja, shugabannin sassa da ke zaune a gabana za su iya sa shi a jadawalin zango mai zuwa.