Kafin mu tafa wa jirgi, a nuna mana takarda



Duk lokacin da aka tada maganar jirgin ƙasa mai gudun tsiya, wanda gwamnati za ta haɗa gwiwa da kamfani su gina, sai ka ga an fara murna. Ni ma ina son jirgin. Maroko ta buɗe nata tsakanin Tanja da Kasablanka a 2018, mu ma ba a haramta mana ba. Amma mu tuna abin da ya faru a nan gida.

A 2014 kamfanin Bolloré na Faransa ya soma shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, da nufin a haɗa shi da Kwatano. A Nuwamban 2015 kotu a Kwatano ta tsayar da aikin ɓangaren Benin, domin ɗan kasuwa Samuel Dossou ya ce shi aka fara bai wa. Duk da haka, a Janairun 2016 shugaba Mahamadou Issoufou ya yi bikin buɗe layin. To, wa kuka sani da ya taɓa yankar tikiti ya je Doso da jirgin? Ƙarafan na nan kwance, rairayi na binne su.

Mu ƴan arewa mun fi kowa sanin wannan. Tun 1971 ake haƙar yuraniyum a Arlit, manyan motoci sun yi ta kwashe shi zuwa teku. A yarjejeniyar 2014, Areva ta yi alkawarin Yuro miliyan 90, wajen miliyar 59 na sefa, don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit. Duk mai bin hanyar nan ya san wuyar da ake sha. Cominak kuma ta rufe a Maris 2021, ta bar Akokan da tulin dattin ma'adini da matasa marasa aiki.

Haɗin gwiwa ba kyauta ba ne. Kamfani ya zuba kuɗi ne don ya kwashi riba shekaru da dama, in kuma aka faɗi, sau da yawa baitulmali ke biya. Wato mu.

Shi ya sa nake cewa, duk wanda ya zo da maganar dogo, mu tambaye shi: wa zai ɗauki asara? Shekara nawa kamfani zai riƙe layin? Mutane zai ɗauka da albasar Agadas, ko ma'adini kaɗai? Nawa ne tikiti? Lokacin da kundin tsarin mulkin 2010 yake aiki, aya ta 150 ta wajabta wallafa kwangilolin albarkatun ƙasa. Mu nemi a yi wa kwangilar dogo haka, a fassara ta da Hausa da Tamajak, a karanta a gidajen rediyo kafin a sa hannu.